Wa ya ba shi ikon sa hannu? Rajista da iko a shaidar dijital marar cibiya ɗaya

A ɗauka akwai wata ƙungiyar gama-kai ta manoman shinkafa a yankin Kura, cikin filayen da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, mai mambobi 400 da sito guda. Manomi ya kawo buhu 30 na shanshera, mai kula da sito ya auna, ya soka ya duba bushewarta, ya rubuta masa takarda ya buga hatimi. Da wannan takarda manomin yake zuwa wurin ɗan kasuwa ko ƙaramin banki ya karɓi rance, ya jira farashi ya ɗaga. To sai aka zo aka ce a mayar da takardar cikin waya, ta zama shaidar dijital wadda ba a iya kankare wa lamba, kuma wadda, in ji masu tallata ta, ba ta buƙatar wata hukuma ta tsakiya ta tsaya mata. Ɓangaren farko na maganar gaskiya ne. Ɓangare na biyu shi ke jefa mutane a rami.

Mu fara da kayan aikin. Ƙa'idoji biyu ne ginshiƙai, duka daga W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet. Ta farko ita ce ta DID, wato lambar shaida da mutum ko ƙungiya ke ƙirƙira wa kanta ba tare da ta nemi izinin wani ofishi ba. Ta zama tabbatacciyar ƙa'ida ranar 19 ga Yuli, 2022. Ta biyu ita ce ta takardar shaida mai tantantuwa, wadda siffarta ta farko ta fito a 2019, ta 2.0 kuma a Mayun 2025. A wannan tsari mutum uku ne: mai bayarwa, wanda a misalinmu ita ce ƙungiya, mai riƙewa, wato manomi da lalitar da ke wayarsa (manhajar da ke ajiye masa shaidun), da mai tantancewa, wato jami'in banki. Ƙungiya tana da mabuɗi biyu da lissafi ya ɗaure su tare. Na sirri da shi take sa hannu, ba ta nuna wa kowa. Na fili kuwa kowa yana iya ɗauka ya gwada sa hannun da shi. Idan aka mayar da buhu 30 ya zama 80, gwajin zai faɗi nan take.

Kowace DID kashi uku ce, ɗigo biyu ke raba su: kalmar did, sai sunan hanya, sai lambar da ta keɓanta ga mai ita. Manhajar mai tantancewa tana kallon sunan hanyar ta san inda za ta je ta ɗauko takardar bayanin DID, wadda a cikinta aka jera mabuɗan fili da aikin kowanne: wannan na sa hannu a kan shaida, wancan na shiga tsari, wani na ɓoye saƙo. An kuma rubuta wanda ke da ikon canza takardar.

Bambancin wannan da lambar NIN ko BVN a bayyane yake. Dukansu lambobi 11 ne da ke zaune a rumbun wata cibiya, kuma duk mai son tantance su sai ya tambayi cibiyar, ita kuwa ta san an tambaya. A sabon tsarin, jami'in banki yana gwada sa hannu da kansa ba tare da ya buga wa ƙungiya waya ba. Wannan ci gaba ne na gaske, musamman inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Amma me gwajin ya tabbatar? Abu biyu kacal: cewa wanda ke riƙe da mabuɗi kaza ne ya sa hannu, kuma ba a taɓa rubutun ba tun daga lokacin. Bai ce akwai sito ba. Bai ce akwai shinkafa a ciki ba. Bai ce mai mabuɗin shi ne ƙungiyar da yake iƙirari ba. Yaro mai wayar Android a bakin tasha zai iya ƙirƙirar DID cikin daƙiƙa kaɗan, ya rubuta cewa wane yana da buhu 500, ya sa hannu, kuma lissafi zai ce sa hannun ingantacce ne, domin ingantaccen ne. Masu zuwa kotun shari'a sun san wannan rata. Shaida ya tsaya ya faɗi abin da ya gani sarai, amma alƙali bai gina hukunci a kai sai an yi masa tazkiya, wani amintacce ya ce mutumin nan adali ne. Haka malaman hadisi ba su tsaya ga jin isnadi ya haɗu ba, sai da suka bi mutanen cikinsa ɗaya bayan ɗaya, wa ake karɓar ruwayarsa, wa ake bari. Sa hannun dijital ya warware haɗuwar isnadi. Tazkiya tana nan tana jiran mai yi, kuma a duniyar dijital rajista ce ke yin ta. Rajista kuwa dole wani ya riƙe alƙalaminta.

Ba rajista ɗaya ba ce ma. Wadda aka fi yawan ambata ita ce mafi ƙarancin iko: jerin sunayen hanyoyin DID da W3C ke ajiyewa. Duk wanda ya ƙirƙiro hanya yana rubuta bayaninta, yadda ake buɗe DID, karanta ta, sabunta ta da kashe ta, da abin da ya shafi tsaro da sirri, sai ya miƙa ta GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Masu kula da jerin suna duba ko bayanin ya cika sharuɗɗan, ba su auna ko hanyar tana da kyau. Shi ya sa hanyoyin da ke ciki suka haura 100, wasu ma masu su sun daɗe da watsar da su. Wannan yawa na daga cikin dalilan da Google da Mozilla da Apple suka shigar da ƙorafi a hukumance kafin a tabbatar da ƙa'idar: suna ganin an tsara buhu an bar kowa ya zuba abin da ya ga dama, babu tabbacin manhajar wani za ta karanta hanyar wani. An saurari ƙorafin, ba a karɓe shi ba, amma matsalar da ya nuna ba ta tafi ba. Saboda haka idan mai kawo manhaja ya ce "hanyarmu tana cikin rajistar W3C", abin da ya faɗa bai wuce an rubuta sunanta ba.

Rajista ta biyu ita ce wurin da takardar bayanin DID take kwana, kuma nan ne ikon gaske yake ɓuya. Ga hanyoyi uku da aka fi cin karo da su.

A did:key babu rajista ko kaɗan, domin mabuɗin fili shi kansa ne lambar. Idan na nau'in Ed25519 ne za a ga ta fara da z6Mk. Ba a buƙatar intanet don warware ta. Farashin wannan sauƙi shi ne ba a iya canza mabuɗi. Ranar da aka sace na sirri, lambar ta mutu, kuma babu wurin da za a liƙa sanarwar mutuwarta. Ta dace da abin da bai wuce kwana kaɗan ba. Ƙungiyar da ke son yin shekaru tana ba da shaida ba ta da abin yi da ita.

A did:web takardar tana zaune a shafin intanet na mai ita. Idan lambar ita ce did:web:example.com, manhaja za ta je adireshin example.com, ta shiga jakar .well-known, ta ɗauko fayil mai suna did.json. Hanya ce mai araha kuma tana aiki, har Microsoft ta koma amfani da ita bayan ta daina tallafa wa did:ion, hanyar da aka ɗora a kan Bitcoin, a ƙarshen 2023. Sai dai a lissafa hannuwan da ke riƙe da ita. Akwai mai rajistar adireshi, wanda ga adireshin da ya ƙare da .ng ita ce NiRA ta hannun dillalanta. Akwai kamfanin da ke ajiye shafin. Akwai kamfanonin da ke ba da takardar tsaron shafi, waɗanda su ma masu manhajar shiga intanet ne ke zaɓar wanda za a yarda da shi. Wannan jeri na ƙarshe ya taɓa cin amana: a 2011 an kutsa cikin DigiNotar, wani kamfanin Holan, aka fitar da takardun bogi sama da 500, har da na Google, sai da aka cire shi daga jerin amintattu ya durƙushe.

Ga ƙungiyarmu ta Kura haɗarin bai kai can ba, ya fi kusa da gida. Adireshi haya ce ta shekara. A ce yaron da ya buɗe wa ƙungiya shafi ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa, ya samu aiki ya tafi Abuja, lokacin sabuntawa ya wuce ba wanda ya lura. Abu biyu za su faru a jere. Da fari shafin zai ɗauke, duk shaidun da aka riga aka bayar su ƙi tantantuwa, domin babu inda za a ɗauko mabuɗin fili. Manomi yana tsaye gaban jami'in banki da shinkafarsa a sito, waya tana nuna ja. Daga baya wani zai iya sayen adireshin, ya ɗora did.json nasa da mabuɗinsa, ya fara sa hannu da sunan ƙungiya, lambar ba ta canza ko harafi ɗaya ba. did:web ba ta ajiye tarihi, don haka mai tantancewa ba shi da hanyar gane an sauya mabuɗi jiya da dare. Don toshe wannan kafa aka fito da did:webvh, wadda ke ajiye jerin duk canje-canje, kowanne da sa hannun mabuɗin da aka yarda da shi kafin nan, kuma tana ba da damar a ɗaure zanen yatsan mabuɗi na gaba, wato gajeriyar lambar da lissafi ke fitarwa daga mabuɗin don a gane shi, tun kafin a buƙace shi. Da wannan, wanda ya ƙwace shafi kawai ba zai iya ƙirƙiro canjin da zai wuce ba.

Hanya ta uku ita ce a rubuta a bulokcen, kundin da kwamfutoci da yawa ke riƙe kwafinsa. Shi ake nufi idan ana maganar rashin cibiya, amma a tambaya wa ke tafiyar da kwamfutocin kuma wa ke biyan kuɗinsu. Sovrin, wadda na cikin kundayen farko da aka gina musamman don shaida, wata gidauniya ce ke zaɓar masu riƙe kwamfutocinta da waɗanda aka yarda su yi rubutu a ciki, kuma a 2025 gidauniyar ta rufe. Kundi ba ya kankaruwa muddin akwai masu kunna shi.

Rajista ta uku ƙarama ce amma ita ke raba ciniki da zamba: rajistar sokewa. Manomi ya kwashe shinkafarsa ranar Litinin. Shaidar buhu 30 tana nan a wayarsa da sa hannu ingantacce ranar Talata. Ƙa'idar W3C ta magance wannan da dogon jeri na gurabe, kowane gurbi sifili ne ko ɗaya. Kowace shaida tana ɗauke da lambar gurbinta da adireshin jerin. Idan an soke ta, ko an dakatar, mai bayarwa ya mayar da sifili ɗaya ya sake sa wa jerin hannu. Mafi ƙarancin tsawon jerin gurbi 131,072 ne, wato kilobayit 16 kafin a matse shi, kuma da gangan aka yi shi da yawa: mai tantancewa yana sauke jerin gaba ɗaya, don kada mai bayarwa ya gane shaidar wa ake dubawa. Wannan sutura tana aiki ne idan taron yana da yawa. A ƙungiya mai mutum 400, inda kowa ya san wanda ya nufi banki yau, taron da ake ɓuya a ciki bai wuce 400 ɗin ba. Sannan a raba lambobin gurbi a warwatse. Idan aka bi su a jere, mai kallo zai iya ƙiyasta wa aka fara ba wa da yawan waɗanda aka ba.

Matsalar da ta fi damun ƙauye ita ce tsufan jeri. Jami'in da ya sauke jerin da safe a gari, ya shiga ƙauyen da ba sabis, yana aiki ne da labarin safe. Dole a yanke tun farko: jeri mai kwana nawa ake karɓa? Ga shaidar zama mamba, mako guda ba laifi. Ga takardar ajiya da ake karɓar kuɗi da ita, kwana ɗaya ma ya yi yawa, domin a cikinsa ana iya jingina buhu ɗaya ga mutum biyu. Kuma shi jinginar, sa hannu bai san da shi ba. Sai an tanadi wurin da banki zai sanar da sito cewa kayan nan an ɗaure su. Wata dabara ita ce a ba shaidar gajeren wa'adi, ta mutu da kanta bayan 'yan kwanaki, kamar yadda aka tsara lambar wucin gadi ta NIN mai harafi 16 ta ƙare bayan awa 72.

Sai ta huɗu, rajistar amana, wadda ita ce tazkiyar kanta. Tambayar da take amsawa ita ce: shin DID kaza tana da izinin ba da shaida iri kaza, a ƙarƙashin dokar wa, kuma a wane lokaci? Kowane yanki na tambayar yana da nauyi. Ƙungiya tana da hurumin cewa wane mambanta ne, ba ta da hurumin cewa gonar da yake nomawa tasa ce. Lokaci ma haka: shaidar da aka bayar a watan Maris, kafin a dakatar da ƙungiya a watan Yuni, hukuncinta daban da wadda aka bayar a Yuli, don haka rajistar da ba ta ajiye ranakun shiga da fita ba ta cika aikinta ba. Gidauniyar Trust over IP, wadda aka kafa a 2020 ƙarƙashin gidauniyar Linux, tana aiki kan hanya guda ta yi wa irin waɗannan rajistoci tambaya. Hanyar tambaya ke nan; wanda zai zauna ya ba da amsa, ba ƙa'idar fasaha ce ke naɗa shi ba.

Inda aka ɗauki abin da gaske, ba a ɓoye wannan ba. Tarayyar Turai, a dokarta mai lamba 2024/1183, ta wajabta wa ƙasashenta samar wa 'yan ƙasa lalitar shaida ta dijital zuwa ƙarshen 2026, kuma amanar tsarin tana kan jerin amintattu da hukumomi ke fitarwa. A ƙarƙashin wata dokar tarayyar ta 2014, kowace ƙasa tana buga nata jerin, hukumar tarayyar kuma ta buga jerin jerarraki. A fannin kamfanoni akwai GLEIF, mai mazauni a Basel ta Suwizalan, wadda ke kula da lambar shaidar kamfani mai harafi 20. A tsarinta na dijital ita ce tushe: ta tantance wasu masu bayarwa, su ba kamfani shaida, daga nan a ba jami'in kamfanin shaidar muƙaminsa. Mai tantancewa yana bin sarƙar daga jami'i har tushe. Mutumin Ringim ko Gumel ba zai ga baƙon abu a nan ba: mai unguwa ya shaida, dagaci ya tabbatar da mai unguwa, hakimi ya tabbatar da dagaci. Shaidar tana hannun mai ita yana yawo da ita, amma sarƙar tana da kai.

To wa zai zama kan sarƙa ga ƙungiyoyin manoma? Wanda ya fi cancanta shi ne wanda doka ta riga ta ba aikin: ofishin da ke yi wa ƙungiyoyin gama-kai rajista a jiha, kamar yadda CAC ke yi wa kamfanoni. Idan ba a yi haka ba, gurbin ba ya zama fanko. Kamfanin da ya rubuta manhajar tantancewa zai cusa jerin masu bayarwa da ya yarda da su a cikin manhajar, ya zama shi ne mai naɗi da tuɓewa, ba doka, ba ɗaukaka ƙara. Wannan shi ne mafi munin sakamako, domin iko ne da ba a gani, kuma ƙananan ƙungiyoyin ƙauye su ake fara mantawa a irin wannan jeri. Rajistar da aka san mai ita, aka rubuta sharuɗɗan shiga, kuɗin shiga, dalilan cirewa da ƙofar kai kuka, ta fi wadda ake cewa babu ita alhali tana cikin aljihun wani.

Lalitar manomi ma tana da nata mai iko. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata da babban ɗa, tana kwana a shagon mai caji, tana zuwa wurin mai gyara a buɗe. Idan mabuɗin manomi yana cikinta kaɗai, ta faɗa ruwa a fadama, shaidar ta tafi. Idan kuma kamfani ne ke riƙe masa mabuɗin a rumbunsa don a iya dawo da shi, an koma cibiya ta ƙofar baya, kuma bayanan sun shiga ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumarta NDPC. Mafita mafi sauƙi ga ƙungiya ita ce ta ɗauki ɓatan waya a matsayin abin da zai faru duk wata: manomi ya zo da kansa, mutum biyu da suka san shi su shaida, a soke tsohuwar, a ba shi sabuwa.

Kafin a sa hannu da kowane mai kawo manhaja, a zauna da kwamiti a rubuta amsoshi a littafin taro. Adireshin intanet da sunan ƙungiya za a yi masa rajista, a biya na shekaru da yawa gaba, a rubuta ranar ƙarewarsa a bangon ofis. A tambayi mai manhaja, idan kamfaninsa ya rufe gobe, wace manhaja dabam ce za ta karanta shaidun, kuma a ce ya nuna a aikace da wayar wani. A raba ayyuka: mai auna kaya daban, mai sa hannu daban, mai sokewa ya zama ba shi kaɗai yake yi ba. Mabuɗin sa hannu na yau da kullum ya bambanta da mabuɗin da ke canza takardar bayanin DID. Na biyun a ajiye shi nesa da intanet, a hannun mutum fiye da ɗaya.

Sai ranar zaɓe. Hatimin roba ana miƙa shi hannu da hannu a gaban jama'a, kowa ya ga tsohon sakatare ya rabu da shi. Mabuɗin dijital ana kwafarsa, kuma kwafin ba ya barin alama. Wanda ya miƙa yana iya kasancewa riƙe da irinsa. Don haka a ranar miƙa mulki ba a karɓar tsohon mabuɗi, sabo ake yi. A ƙirƙire shi a gaban kwamiti, a sabunta takardar bayanin DID, a cire wa tsohon ikon sa sabon hannu, a sanar da mai rajistar amana da bankunan da ake hulɗa da su a rubuce, da kwanan wata. Idan hanyar da ake amfani da ita ba ta ajiye tarihi, kamar did:web, cire tsohon mabuɗi zai kashe shaidun da aka sa wa hannu da shi, saboda haka sai a sake fitar da dukkan waɗanda ke da rai da sabon mabuɗi kafin a cire. Ga mambobi 400 wannan aikin kwanaki ne, kuma gara a sa shi bayan kaka ta lafa, lokacin da sito bai cika da kayan jingina ba.